Kiɗan Dram-an-Bes da Bashin Daƙiƙa Shida

Duk wanda ya fara jin kiɗan da mutanen Ingila ke kira dram-an-bes, wato ganga da gurnani, abin da zai fara zo masa a rai shi ne wannan ai hayaniyar na'ura ce kurum. Gudun ya yi yawa, bugu kusan 174 a minti guda, ga kuma wani amo na can ƙasa da ke ratsa ƙirji kamar an tsaya kusa da tambari. To amma ni ra'ayina shi ne, tushen wannan kiɗa hannun ɗan Adam ne, mai hannun kuma yana da suna, sai ga shi masu sana'ar a yau suna neman share hannun daga cikin sautin, alhali tun farko ba su biya mai shi ko anini ba.

A shekarar 1969 wata ƙungiyar mawaƙa ta birnin Washinton a Amurka mai suna The Winstons ta fitar da faifai. A bayan faifan akwai wani kiɗa marar waƙa mai suna "Amen, Brother". A tsakiyarsa sai sauran makaɗa suka yi shiru, suka bar mai ganguna, Gregory Coleman, shi kaɗai na kimanin daƙiƙa shida. Gaɓa huɗu ya kaɗa. Biyun farko a miƙe suke, a ta uku ya jinkirta bugun ƙaramar ganga, a ta huɗu ya bar gurbi inda kunne ke jiran bugu, sannan ya doki farantin tagulla kafin lokacinsa. Wannan 'yar tuntuɓe da ya yi da gangan ita ce ta zama jari. An sake fitar da kiɗan a 1986 cikin jerin fayafayan Ultimate Breaks and Beats, ƙungiyar N.W.A ta ɗora waƙarta "Straight Outta Compton" a kansa a 1988, daga nan ya tsallaka teku.

A farkon shekarun 1990, matasan Landan da Biristol, da yawansu 'ya'yan baƙin da suka zo daga Jamaika, suka yi wa wannan guntu abin da tela ke yi wa ƙyalle. Sukan ɗebe shi a na'urar ɗiban sauti, galibi Akai S950 ko S1000, su yanka shi bugu-bugu: babbar ganga daban, ƙarama daban, har da ƙananan taɓe-taɓen da Coleman ke yi tsakanin manyan bugu, waɗanda da ƙyar kunne ke kama su. Sai su ɗora kowane yanki a kan maɓalli guda, su sake jera su yadda suka ga dama a kwamfutar Atari ko Amiga. Da aka ƙara masa gudu sai muryar gangar ta yi sama, ta yi kaifi. Da suka so tsawaita sauti ba tare da muryarsa ta sauya ba, sai na'urar, saboda gazawarta, ta riƙa fitar da wata ƙara kamar ta ƙarfe. Maimakon su ɓoye wannan aibi sai suka mai da shi ado. Wannan shi ne kiɗan da aka fara kira jangul.

Abin lura a nan, ma'ajiyar S950 kamar yadda take fitowa daga masana'anta ba ta kai megabait ɗaya ba. Dole mutum ya zaɓi abin da zai ɗiba, dole ya saurari daƙiƙa shidan nan sau ɗari har ya san kowane lungu nasu. Rashin uwa akan yi uwar ɗaki, in ji Hausawa, kuma ƙarancin kayan aiki shi ya horar da kunnuwan su Goldie, wanda kundinsa Timeless ya fito a 1995, da Roni Size, wanda shi da ƙungiyarsa Reprazent suka ci kyautar Mercury a 1997.

Rabi na biyu na sunan, wato gurnanin, gadon manyan lasifikun Jamaika ne. Dabarar ita ce ganga ta yi ta sheƙa gudu yayin da gurnanin ke tafiya a rabin wannan gudu, da nauyi irin na kiɗan rege, ta yadda mai rawa zai zaɓi wanda zai bi. Mafi shaharar gurnani shi ne wanda ake kira Reese, sunan da Kevin Saunderson na birnin Ditiroit ya yi amfani da shi a kiɗansa "Just Want Another Chance" na 1988, wanda Ray Keith ya ara a "Terrorist" a 1994. Sirrinsa ilimin fizis ne mai sauƙi. Idan aka haɗa sautuka biyu masu kusan murya ɗaya, a ce ɗaya na kaɗawa sau 55 a daƙiƙa, ɗayan sau 56, za su riƙa ƙarfafa juna suna kashe juna, sai a ji amon yana kumbura yana sacewa kamar numfashi. A ƙarƙashinsa akan shimfiɗa tsantsar amo na ƙasa, a tsayar da shi a tsakiya ba a raba shi hagu da dama ba, domin in an raba, allura na iya tsalle daga kan faifai. Har wa yau ana kiyaye wannan ƙa'ida, ko da yake faifan garmaho ya ja baya.

To, ina matsalar take? A yau yaro mai kwamfutar cinya da manhajar Ableton ko FL Studio, da na'urar ƙirar sauti ta Serum da ta fito a 2014, yana da abin da ya ninka na su Goldie sau dubbai. Madalla da wannan. Sai dai tare da manhajar ana sayar da buhunan sauti haɗaɗɗu, gurnani dafaffe, ganga gogaggiya. Ana ƙera bugun ganga daga lissafi, a jera shi a kan layi daidai wa daida, babu jinkiri babu gaggawa. Sannan a saita gurnanin ya riƙa durƙusawa duk sanda babbar ganga ta buga, a ƙarshe a matse kiɗan baki ɗaya don ya fi na maƙwabci ƙara. Matsewar nan ita ce ta fi ci mini tuwo a ƙwarya, domin ma'anarta ita ce a rage tazarar da ke tsakanin bugu mai ƙarfi da mai taushi, kuma a cikin wannan tazara ne ƙananan taɓe-taɓen Coleman suke rayuwa. In ka daidaita su da manyan bugu, ka kashe su ke nan.

Na san za a ce mini zamani riga ne. Za a kawo misalin ƙungiyar Noisia ta ƙasar Holan, wadda kafin ta watse a 2022 ta kai ƙirar sauti wani matsayi da ya ba kowa mamaki: a ƙera amo, a naɗe shi, a murɗa, a sake naɗewa, har ya koma kamar kukan wata dabba da ba a taɓa gani ba. Za a ce Chase & Status sun kai wannan kiɗa lamba ɗaya a jadawalin Birtaniya a 2024 tare da Stormzy. Duk gaskiya ne, kuma ban raina aikinsu ba. Amma su Noisia da kunnensu suka yi gumi suka ƙera nasu. Dubban masu kwaikwayonsu kuwa sayen na gwangwani suke yi, shi ya sa mutum zai saurari kiɗa goma a jere ya kasa cewa ga na wane. Shawarata ga mai koyo ita ce ya ɗauki guntun kiɗan makaɗi na gaske guda ɗaya, ya yi wata guda yana yankawa da jerawa, ya hana kansa taɓa maɓallin daidaita bugu, kafin ya sayi buhun kowa.

Saura batun bashi, wanda ya fi komai nauyi. An yi amfani da daƙiƙa shidan nan a dubban waƙoƙi, har da tallace-tallacen talabijin, amma Coleman bai karɓi ladan mallaka ba. Ya rasu a 2006 a birnin Atilanta, rahotanni kuma sun ce ba shi da ko matsuguni. Shugaban ƙungiyar, Richard Spencer, wanda haƙƙin kiɗan ke hannunsa, shi ma bai samu komai ba sai a 2015, lokacin da wasu masu sa faifai biyu 'yan Birtaniya suka buɗe asusun taimako a GoFundMe, aka tara masa kimanin fam 24,000. Karo-karon masoya ne wannan, kamfanonin da suka ci riba ba su ne suka biya ba. Spencer ya rasu a 2020. A ganina, ƙaramin abin da ya wajaba a kan duk kamfanin da ke sayar da buhun sauti mai ɗauke da wannan guntu shi ne ya rubuta sunan Gregory Coleman a jiki, ya kuma nemi magadansa ya ware musu kaso.