Waiwaye: Daga Onitsha zuwa Fanisau, wa ke riƙe da tarbiyyar yaranmu?

A watan Oktoban 2019 rundunar 'yan sandan Kano ta gabatar wa manema labarai yara tara da aka sace daga unguwannin birnin, aka kai su Onitsha a Jihar Anambra aka sayar. Dukkansu ƙanana ne. An sauya musu suna, an sauya musu addini, wasunsu ma Hausar ta ɓace musu. Duk wanda yake Dutse a lokacin zai tuna yadda maganar ta cika majalisu da tashar mota da ƙofar masallaci bayan la'asar. Gwamna Abdullahi Umar Ganduje ya kafa kwamitin bincike ƙarƙashin Mai Shari'a Wada Umar Rano, kuma a watan Yulin 2021 babbar kotun Kano ta yanke wa jagoran masu satar ɗaurin shekara 104.

Satar yaro kaɗai ta isa abin kuka. Amma abin da ya fi ci wa mutane rai, kamar yadda na ji daga bakin dattawa da matan gida, shi ne a ce wani can da bai haifa ba, bai raɗa suna ba, bai yi jinyar dare ba, shi ne zai zauna ya yanke wa yaro alƙiblar da zai fuskanta. Wannan fushin na gaskiya ne, kuma yana kan hanya.

Na dawo da wannan labarin ne saboda wata tambaya da ta fara yawo a tsakanin matasanmu, musamman tun da Jami'ar Tarayya ta Dutse ta kafu a 2011 kuma wayar hannu ta shiga kowane aljihu. Tambayar ita ce: shin daidai ne iyaye su rene yaro a kan addininsu, ko kamata ya yi a bar shi sai ya yi hankali ya zaɓa? Ba a nan aka haifi tambayar ba. Wani masanin kimiyya ɗan Ingila, Richard Dawkins, ya daɗe yana jayayya cewa bai kamata a kira ƙaramin yaro Musulmi ko Kirista ba, tunda bai kai ga fahimtar abin da ake jingina masa ba. Maganganunsa suna nan a intanet, yaranmu kuma suna karantawa. Zagi da tsinuwa ba za su ba su amsa ba, don haka gara a zauna a yi maganar.

Ni dai ra'ayina a fili yake. Babu yaron da ke tashi a fanko. Ba mu jira ya girma kafin mu zaɓa masa harshen da zai yi magana da shi, ko sunan da zai amsa, ko mu koya masa cewa ƙarya ba kyau, kuma ana durƙusa wa babba a gaishe shi. Uban da ya ce ba zai koya wa ɗansa komai game da Ubangiji ba, ai shi ma ya koya masa wani abu: ya nuna masa cewa lamarin ba shi da nauyin da za a tashe shi da asuba dominsa. Kuma gurbin da uba ya bari, titi da abokai da waya ne za su cike. Wanda ya yi imani da gaske cewa akwai hisabi, sannan ya ɓoye wa ɗansa hanyar tsira da sunan ba shi 'yanci, bai kyauta masa ba. Shi ya sa a gidajenmu ake yi wa jariri kiran salla a kunne, a raɗa suna ranar bakwai, a fara umartar yaro da salla yana ɗan shekara bakwai kamar yadda ya zo a hadisi. Surar Luƙman ma tana ɗauke da nasihar uba ne ga ɗansa, tun daga tauhidi har zuwa yadda ake tafiya da yadda ake sassauta murya.

Dokar ƙasa ma ta yarda da wannan. Sashe na 38 na kundin tsarin mulkin 1999 ya hana a tilasta wa ɗalibi karatun wani addini ko shiga ibadarsa a makaranta, matuƙar ba addininsa ba ne ko iyayensa ba su amince ba. To, a nan sai mu yi wa kanmu adalci. Wannan sashen bai ware Musulmi kaɗai ba. Kiristan da ke sana'a a kasuwar Dutse, da ma'aikacin da aka turo sakatariya daga kudu, da Bahaushen ƙauye da ya tashi a coci, kowannensu yana da hakkin ya rene ɗansa a kan abin da ya yi imani da shi. Idan mun ƙi a ja yaronmu a ɓoye, bai halatta mu ja na wani a ɓoye ba, ko mu yi murna idan an yi. Magabatanmu sun san haka. A tsohuwar ƙasar Kano, wadda Dutse take cikinta kafin a ƙirƙiri Jigawa ranar 27 ga Agustan 1991, Maguzawa sun zauna shekaru aru-aru suna biyan jiziya, suna renon 'ya'yansu a kan al'adunsu. Wa'azi ga baligi mai hankali hanya ce a buɗe. Yaron da ke ƙarƙashin iyayensa kuwa amanarsu ne.

Sai dai abin da ya fi damuna ya faru ne wata shida bayan maganar yaran Kano, kuma a ƙofar gidanmu. A watan Afrilun 2020, da cutar korona ta shigo, gwamnonin Arewa suka yanke shawarar mayar da almajirai jihohinsu na asali. Motoci suka riƙa sauke ɗaruruwan yaran Jigawa daga Kano da wasu jihohi, aka killace su a sansanin masu yi wa ƙasa hidima na Fanisau, aka gwada su, aka samu wasu da cutar. Waɗannan ba ɓarawo ne ya ɗauke su ba. Iyayensu ne suka miƙa su da hannunsu, kuma da kyakkyawar niyya, domin su samu Alƙur'ani. Amma da annoba ta zo, jihohi suka riƙa tura su tamkar kayan da aka rasa mai shi. Ban ji irin kururuwar da muka yi a 2019 ba.

Kada a fahimce ni a karkace. Tsangaya gadonmu ce mai daraja. Ita ta samar da alarammomin da ke rubuta Alƙur'ani da ka, tun daga babbaƙu da farfaru har zuwa satu. Wanda ya ga gardi a gaban wutar tsangaya cikin sanyin hunturu yana tilawa ba zai raina wannan tsari ba. Amma a da, malam yana da gona, gari ya san ɗalibansa, kowane almajiri yana da gidan da ake zuba masa tuwo, sau da yawa kuma tafiyar ta rani ce, da damina a dawo gida. Yau ana kai kolo ɗan shekara shida ko bakwai birnin da ba wanda ya san ubansa, a haɗa malam guda da yaran da ba zai iya ciyarwa ba, ba guzuri, ba kuɗin Laraba, ba ziyara. Yaron nan awa nawa yake yi a gaban allo, awa nawa yake yi a tasha da bakin gidan kallo da ƙofar mai shayi? Wanda yake tare da yaro yawancin yini shi ne mai tarbiyyarsa, ko mun so ko mun ƙi. Uban da ya yi haka yana ganin ya ɗora ɗansa a kan addini, alhali ya miƙa shi ne ga duk wanda ya fara ba shi abinci.

Hukumomi sun yi nasu yunƙurin. Gwamnatin Goodluck Jonathan ta fara buɗe makarantun almajirai na zamani a 2012. Gwamna Muhammad Badaru Abubakar ya sa hannu a dokar kare hakkin yara ta Jigawa a watan Disambar 2021, kuma a watan Mayun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya rattaba hannu a dokar kafa hukumar kula da karatun almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta. Duk da haka, a zaga kasuwar Shuwarin ranar da take ci, a ga ko ƙananan yara masu roba a hannu sun ragu.

Mu ma na cikin gari ba mu tsira ba. Da yawanmu mun sallama wa Islamiyya komai. Muna biyan kuɗin wata, muna jiran walimar sauka, amma yaro bai taɓa ganin mun buɗe Alƙur'ani a gida ba. Yana jin malam yana cewa ƙarya haramun ce, yana kuma jin babansa yana cewa a faɗa wa mai bin bashi ba ya nan. Idan ya girma ya zo da tambaya mai nauyi, sai mu daka masa tsawa. Irin wannan yaron ne maganar Dawkins ke saurin kamawa, domin bulala kawai ya sani a addinin, bai ɗanɗani daɗinsa a gida ba.

Saboda haka kirana ga iyaye maza na Dutse da Kiyawa da Jahun da Birnin Kudu shi ne, idan an gama girbi malam ya zo neman yaran da zai tafi da su, a tsaya a yi tunani. In akwai alaramma a garinku, a bar ƙaramin yaro ya yi karatu a gabansa, ya kwana a ɗakin mahaifiyarsa. In kuma tafiyar ta zama dole, a bari ya yi wayo, a san garin da za shi, a haɗa shi da hatsinsa da sabulunsa, a riƙa zuwa ana duba shi. Masu unguwanni da limamai kuma su riƙa tambayar kowane magidanci inda 'ya'yansa suke.