Wasiƙa ga Likitocin Dabbobi kan Kumburin Hanjin Kare da Kyanwa

 

Roƙo ɗaya gare ni. Idan aka kawo muku kare ko kyanwa da ta haura mako 3 tana zawo da amai tana ramewa, ku dakata kafin hannunku ya kai ga Flagyl. Na san mai dabbar na tsaye a kanku, so yake ya koma gida da magani a aljihu. Sai dai Flagyl ɗin, wato metronidazole, na hargitsa ƙwayoyin halitta masu amfani da ke cikin hanji, kuma illar kan daɗe bayan an gama sha. Zawon ya tsaya, ya dawo, a sake rubutawa, haka za a yi ta yi.

Ba a gane kumburin hanji da ido, sai an kore sauran cututtuka. Ku duba kashi, ku ba da fenbendazole saboda tsutsar ciki da Giardia ko da gwajin bai nuna komai ba. Ku ɗibi jini a duba hanta, ƙoda, albumin da bitamin B12.

Sai batun abinci, inda a ganina aiki ya fi lalacewa. Kusan rabin karnukan nan, ko ma fiye, canjin abinci kaɗai ke ba su sauƙi. Nama iri ɗaya wanda dabbar ba ta taɓa ci ba, da shinkafa ko dankali, na aƙalla mako 2, ba tare da ko lomar wani abu ba. Ku zaunar da mai dabbar ku yi masa bayani dalla-dalla, ya je ya gaya wa mutanen gida. Yaro ɗaya da ke jefa wa kare ƙashin miya a ɓoye ya isa ya rushe gwajin, ku kuma ku ɗauka abincin ne bai yi ba.

Prednisolone a bar shi sai bayan wannan. A wajen tsohuwar kyanwa musamman, sankarar hanji mai suna lymphoma takan yi kama da kumburin sosai, kuma maganin na iya rufe ta. In da hali, a yanko ɗan naman hanji a kai ɗakin gwaji tukuna.

Amma fa dabbar da albumin ɗinta ya faɗi ƙasa, ciki ya tara ruwa, ko ta daina ci, ba ta da mako 2 na jira. Ku kwantar da ita a ranar.