An Biya Kuɗin Wanki, Wa Zai Sayi Maganin?

Ka tsaya da hantsi a ɗaya daga cikin kemis-kemis ɗin Gyaɗi-Gyaɗi, daura da Asibitin Malam, za ka ga mai jinya da takardar likita a hannu ana buga masa lissafi. Can sai ka ji ya ce, "Cire wannan, bar mini na hawan jinin." Sau da yawa abin da aka cire ɗin allurar erythropoietin ce, don ta fi tsada.

Ƙoda mai lafiya ce ke samar da sinadarin da ke sa ɓargo ya yi jini. In ta gaza, jini ya yi ƙasa, injin wanki kuwa ba ya wannan aikin. Shi ya sa ake rubuta allurar, tare da ta sinadarin ƙarfe. Sai an ajiye allurar erythropoietin ɗin a firji, ga kuma halin wutarmu. Wanda ya rasa ta sai a yi ta ƙara masa jini leda-leda, alhali yawan ƙarin jini na iya sa jiki ya ƙi ƙodar da za a dasa masa nan gaba.

A 2025 gwamnatin tarayya ta sanar da rage kuɗin wankin ƙoda daga naira 50,000 zuwa 12,000 a wasu asibitocinta. Madalla. Amma takardar kemis tana nan yadda take.

Na waɗanda aka yi wa dashe ya fi ci mini rai. Tun 2002 ake dashen ƙoda a Asibitin Malam ɗin nan na Tarauni, abin alfaharinmu ne. In aka tashi aiki, dangi su sayar da fili, a yi shela a rediyo, wani bawan Allah ya cike gibi. An sallamo mara lafiya, an yi barka, kowa ya watse. Nan ne fa hidimar ta soma: tacrolimus, mycophenolate, prednisolone, kullum, muddin ƙodar tana jikinsa. Ya yi fashi, garkuwar jikinsa ta far wa ƙodar da ƙaninsa ya ba shi, a koma kan inji.

Masu fitar da zakka a Kantin Kwari da Singa, ku riƙa tambayar kuɗin maganin shekara kafin na tiyata. Hukumar taimakekeniyar lafiya ta Kano kuma ya kamata ta sayo magungunan nan a sari, ta sayar wa majinyata a farashin da ta sayo.