Dillalan Ƙwallo Da 'Ya'yanmu: A Duba Abin Da Ya Sami Oyongo

A kasuwannin kan iyaka irin su Tuboro da Mbaimbum, babu ɗan kasuwar da zai loda wa mota buhu ɗari na masara ko gyaɗa ya sallami direba alhali bai san sunansa ba, bai riƙe lambar motar ba, bai kuma san wanda zai sauke kayan a Mundu ko Ngaundare ba. Mun san takardar duwan, mun san rasit, mun san la'adar dillali tun kafin a buɗe baki a fara ciniki. To amma abin mamaki, Alhajin da ba a iya cin dalarsa a kasuwa, shi ne za a wayi gari a ji ya ƙirga maƙudan kuɗi ya danƙa wa wani baƙo mai kwat da jakar hannu, wai zai kai masa yaro Turai buga ƙwallo. Babu shaida, babu takardar da wani ya karanta, sai daɗin baki da hotunan filayen wasa a cikin waya.

Wannan ne ya sa muka ga ya dace yau mu ɗauko tarihin wani mai tsaron baya da ya fito daga Garwa, wato Ambroise Oyongo Bitolo, domin a cikin tafiyarsa akwai abin da ya shafi aljihunmu da 'ya'yanmu kai tsaye.

Oyongo ba ɗan arewa ba ne. An haife shi a shekarar 1991 a garin Ndikinimeki da ke tsakiyar Kamaru, amma a Garwa aka san shi, a ƙungiyar Coton Sport, inda yake riƙe ɓangaren hagu na baya, wato lamba uku kamar yadda yaranmu ke faɗa. Ita kuwa Coton Sport ba baƙuwarmu ba ce. An kafa ta a 1986, kamfanin auduga na Sodecoton ne ke ɗauke da nauyinta, kuma duk wanda ya taɓa ganin motocin auduga suna layi a ƙofar injin gurza na Tuboro ya san cewa da gumin manoman wannan yanki a cikin kowace riga da 'yan wasan ke sawa. Ƙungiyar ta ɗauki kofin Kamaru fiye da sau 15 tun daga 1997. A 2008 ta kai wasan ƙarshe na gasar zakarun Afirka, Al Ahly ta Masar ta doke ta da ci 2 da nema a Alƙahira, aka tashi 2 da 2 a Garwa. Masu bin ƙwallo za su tuna har da 'yan Nijar a cikinta, irin su mai tsaron gida Kassaly Daouda. A 2013, lokacin Oyongo yana cikinta, ta sake kaiwa wasan kusa da na ƙarshe, inda Al Ahly ɗin dai ta fitar da ita a bugun fenariti.

Wato dai yaron bai fita daga ƙasa a ɓoye ba. A bainar jama'a ya nuna abin da ya iya, a filin Roumde Adjia da filayen Afirka, har masu saye suka gan shi da idonsu. A 2014 ya tafi Amurka, ƙungiyar New York Red Bulls.

A nan ne labarin ya zama irin namu na kasuwa. A watan Janairun 2015 Oyongo yana Ikwatoriyal Gini tare da tawagar Kamaru a gasar kofin Afirka. Shi ne ma ya farke wa Kamaru ƙwallo a wasanta da Mali ana dab da tashi, aka yi kunnen doki 1 da 1. Mako guda bayan wannan ƙwallo, yana can yana yi wa ƙasarsa aiki, sai Red Bulls ta yi musayarsa. Ta haɗa shi da wani ɗan wasa mai suna Eric Alexander ta miƙa wa Montreal Impact ta ƙasar Kanada, ta karɓi Felipe da wata dama ta ɗaukar sabon ɗan wasa. Ga wanda bai sani ba, a gasar MLS ta Amurka da Kanada ɗan wasa yana sa hannu ne da hukumar gasar kanta, kulob kuwa wurin aiki ne kawai aka tura shi. Saboda haka ƙungiyoyi kan yi musayar 'yan wasa a tsakaninsu kamar yadda mu muke ba da gero mu karɓi shinkafa, kuma sau da yawa ba sai an nemi yardar mai ƙafa ba.

Oyongo ya ƙi zuwa. Ɓangarensa ya ce yarjejeniyar da ta kai shi Amurka tun asali ba ta inganta ba, don haka yana da 'yancin zuwa inda ya ga dama. MLS da Montreal suka ce kwantiragi yana nan daram, ga sa hannu. Aka shafe watanni ana ja-in-ja, a ƙarshe dai a watan Mayun 2015 ya tattara ya tafi Montreal ɗin da ya ce ba zai je ba. A cikin waɗannan watanni kuwa ƙungiyar ta kai wasan ƙarshe na gasar zakarun yankin Amurka ta Arewa da ta Tsakiya, inda ta kara da Club America ta Meziko a watan Afrilu. Irin wasan da ɗan ƙwallo kan yi shekaru goma bai samu ba, ya wuce shi yana zaune.

Ba mu ce shi ne mai laifi ba, ba mu kuma ce su ne ba, ba mu ne alƙalan wannan shari'a ba. Abin da muke so mai karatu ya lura da shi shi ne, wannan mutum ne da ke sanye da rigar ƙasa, yana da wakili, yana da hukumar ƙwallon ƙasarsa da za ta saurare shi, 'yan jarida na ƙasashe uku suna bin maganarsa, amma duk da haka abin da ke rubuce a takarda shi ya yi aiki a kansa. To ina ga yaron da ya tashi daga Tuboro, ba lasisi, ba ƙungiya, uban da ya biya kuɗin bai ga ko shafi ɗaya na yarjejeniya ba?

Sai dai takardar nan da ta ɗaure shi, ita ce kuma ta rufa masa asiri daga baya. A farkon 2017 Kamaru ta tafi Gabon da tawagar da mutane da yawa suka raina, domin manyan 'yan wasa irin su Joel Matip sun ƙi amsa kiran mai horarwa Hugo Broos. Oyongo ya amsa, ya riƙe hagun baya har wasan ƙarshe a Libreville ranar 5 ga Fabrairu, inda Kamaru ta doke Masar da ci 2 da 1. Nicolas Nkoulou ne ya farke, shi kuma Vincent Aboubakar, wani tsohon ɗan Coton Sport ɗin, ya zura ta biyu saura minti biyu a tashi. Duk wanda ke Garwa a daren nan ya san ba a yi barci ba. Bayan wata huɗu kacal, a watan Yuni, Oyongo ya ji mummunan rauni a gwiwa a wasan Kamaru da Maroko. Gasar zakarun nahiyoyi da aka yi a Rasha ta wuce shi, sauran kakar wasa ta shekarar ma haka.

Mu 'yan kasuwa mun san abin da ake nufi da mota ta faɗi da kaya. Jarin ɗan ƙwallo gwiwarsa ce, kuma a daƙiƙa ɗaya take tafiya. Da a ce raunin nan ya same shi yana gararamba a wata ƙasa yana jiran gwajin da dillali ya yi masa alkawari, da shi ke nan, sai dai a haɗa masa kuɗin mota a masallaci. Amma ya same shi yana da ƙungiya mai likitoci, yana da kwantiragi a hannu. Ya yi jinya ya warke, kuma da wa'adinsa ya cika a Kanada, Montpellier ta Faransa ta ɗauke shi a farkon 2018. Ya zauna da ita har 2022, da ɗan zaman aro a Krasnodar ta Rasha a 2021. A gasar kofin Afirka da Kamaru ta karɓi baƙunci a farkon 2022, wadda mu ma muka ga rabonmu da Najeriya da Masar da Sudan suka yi wasanninsu a Garwa, yana cikin tawagar da ta zo ta uku bayan ta farke ƙwallo 3 da Burkina Faso ta zura mata.

Mun san abin da wasu za su ce. Za su ce Coton Sport ƙungiya ɗaya ce, yara kuwa dubbai ne, Garwa tana da nisa daga nan, kuma wanda ba shi da kowa a can ba zai ga ko ƙofar fili ba, don haka gara a gwada sa'a da dillali. Akwai gaskiya a farkon maganar. Hanyar tana da ƙunci, kuma cikin yara ɗari masu hazaƙa da wuya ɗaya ya ci abinci da ƙwallo, wannan kowane uba ya kamata ya ji shi da kyau kafin ya cire yaro daga makaranta ko daga shago. Amma ƙuncin hanya ba ya mayar da ɓarauniyar hanya ta zama mai ɓullewa. Dokar hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya, FIFA, ta hana a kai yaron da bai cika shekara 18 ba wata ƙasa domin ya yi wa kulob wasa, in ban da wasu 'yan dalilai ƙalilan, kamar a ce iyayensa ne suka ƙaura can saboda wata hidima da ba ta shafi ƙwallo ba. Saboda haka duk wanda ya zo ya ce zai kai ɗan shekara 15 Faransa ko Beljiyam ya sa hannu, to ko dai bai san dokar sana'arsa ba, ko kuma ya sani sarai, mu ne yake fatan ba mu sani ba. Sa'annan a al'adar wannan ciniki, kulob ɗin da ke son ɗan wasa da gaske shi ke aiko da takardar gayyata. Yaushe aka fara cewa mai kaya ne zai biya dillali kuɗi tun ba a ga mai saye ba?

Akwai kuma wata takarda da ta riga duk waɗannan, wadda mu a nan arewa muke wasa da ita, wato takardar haihuwa. Yara nawa ne a unguwanninmu ba su da ita sai ranar da jarrabawa ta zo a shiga neman ta gaggawa? A ƙarshen 2022, da hukumar ƙwallon Kamaru ƙarƙashin Samuel Eto'o ta sa aka yi wa tawagar 'yan ƙasa da shekara 17 gwajin ƙashi da na'ura, 21 cikin 30 ba su tsallake ba. Zamanin a rage wa yaro shekara huɗu a teburin wani malamin ofis yana ƙarewa, kuma wanda aka kama, sunansa ne ya ɓaci tun bai fara ba.

Wani abin da bai kamata ya wuce ɗan kasuwa ba shi ne lissafin ribar. A dokar FIFA, idan aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata yana cikin kwantiragi, ana ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin a raba wa ƙungiyoyin da suka rene shi daga shekara 12 zuwa 23. Mu ɗauka, alal misali, an sayar da yaro yuro miliyan 1. A canjin sefa da ba ya motsi, wannan ya kusa miliyan 656, kashi 5 ɗinsa kuwa ya haura miliyan 32. Ƙungiyar da ta riƙe shi daga shekara 12 zuwa 15 kawai tana da kashi 1 cikin 100 na dukkan cinikin, wato sama da sefa miliyan 6 da rabi, kuma duk lokacin da aka sake sayar da shi zuwa wata ƙasa sai an sake biya. Tun 2022 FIFA ta buɗe ofishi na musamman a Faris domin bin sawun irin waɗannan kuɗaɗe. Amma fa sai ƙungiyar da ke da rajista, wadda ta yi wa yaron lasisi, sunanta ya shiga kundin tarihinsa na wasa. Ƙungiyar unguwa da ba ta da rajista, ko ita ta koya masa taka leda tun yana tsumma, ba ta da ko dala. Haka kuma idan ɗan wasa ya tafi bayan wa'adinsa ya ƙare, kamar yadda Oyongo ya koma Montpellier, babu kuɗin ciniki balle a ware wani kaso.

Mun daɗe muna kukan cewa audugarmu tana fita ɗanya, wasu can su saƙa su dawo mana da atamfa da tsada. To ga shi muna yin haka da yaranmu da hannunmu, har ma mu ne ke biyan kuɗin mota.

Ƙungiyoyinmu na 'yan kasuwa a Tuboro da Mbaimbum suna tara kuɗi don gyaran rumfuna, da masu gadi, da taimakon wanda gobara ta shafa. A ganinmu ba abin kunya ba ne su ware wani abu su tsaya wa ƙungiyar ƙwallo guda ɗaya ta matasa, a yi mata rajista a reshen hukumar ƙwallo na jihar Arewa da ke Garwa, a yi wa kowane yaro lasisi da shekarunsa na gaskiya, a sa sharaɗin cewa wanda ya bar makaranta ko ya gudu daga shagon ubangidansa ba ya buga wasa. Kuɗin da uba ɗaya ke miƙa wa mai kwat a rana ɗaya zai iya ɗaukar nauyin riguna da ƙwallaye da motar zuwa wasa na tsawon lokaci. Idan akwai mai hazaƙa a cikinsu, a gasar jiha za a gan shi, kuma a nan ne muke kira ga shugabannin Coton Sport da su riƙa turo masu duba musu yara zuwa Mayo-Rey a kai a kai, yadda ma'aikatan auduga ke zuwa lokacin awo.

Shi kuma baƙon da zai zo gobe da hotuna a waya, a ba shi wurin zama da ruwan sha kamar kowane baƙo, sa'annan a tambaye shi lambar lasisinsa na wakilcin 'yan wasa, wanda FIFA ta dawo da jarrabawarsa a 2023, da sunan kulob ɗin da ya aiko shi, da takardar gayyata mai ɗauke da sunan yaron. A kai takardar wurin wanda ya iya Faransanci ko Ingilishi ya karanta wa uban yaro ita layi-layi, a gaban shugaban kasuwa da shaidu biyu, kafin a buɗe jaka.