Waƙar mutum biyu, makullin mota ɗaya

Daga Funtuwa zuwa Malumfashi, da zarar kaka ta yi, masara ta shiga buhu, bukukuwa suka kankama, da wuya ka je wurin kamu ba ka tarar da samari bibbiyu suna karɓa-karɓa da makirfo ba. Ɗaya ke rubuta baiti a tsohon littafin makaranta, ɗayan ke da murya. Sai su yi karo-karon kuɗin situdiyo, a buga musu kiɗa a kwamfuta, su kai wa masu tura waƙa a waya a bakin tasha. Yaran suna burge ni. Abin da nake jiye musu shi ne ranar da kuɗi zai shigo.

Yankin nan ya taɓa fitar da irin wannan haɗi har Arewa duka ta ɗauka. Dauda Kahutu Rarara daga ƙaramar hukumar Ɗanja, da Yusuf Haruna Baban Chinedu, mutumin Funtuwa, su suka cika kunnuwa a kakar zaɓen 2015, ɗaya na jero baiti, ɗaya na jefa barkwanci. Yau kowa ya kama gabansa. Ba shari'arsu na zo yi ba, amma duk yaron da ke waƙa da abokinsa ya kamata ya tsaya ya yi tunani.

Matsalar tana wajen mai biya. A nan ba sayen waƙa ake yi ba, kyauta ake yi wa mawaƙi. Ɗan siyasa ko attajirin hatsi idan ya ji daɗi, mota ɗaya zai bayar, ko kujerar Makka ɗaya, kuma hannun wanda aka fi jin muryarsa ake danƙa wa. Wanda ya kwana yana gyara amshi sai ya ji labari a gari. Ya yi magana a ce hassada ce, ya yi shiru abin ya ci shi a rai.

Alhaji Mamman Shata, haifaffen Musawa da ya mayar da Funtuwa gida, ya shafe shekaru da dama da makaɗan kalangu da 'yan amshi kafin rasuwarsa a 1999. A tsarin makaɗan da, an san uban tafiya, shi ke karɓa, shi ke rabawa, shi ke ɗaukar ɗawainiyar yaransa. Ban ce kullum rabon na adalci ba ne, amma kowa ya san matsayinsa tun kafin a ɗaura kalangu. Yaran yanzu kuwa tsara ne, babu babba babu ƙarami, kuma kunya ta hana su zancen kuɗi. "Haba, ai mu 'yan uwa ne," in ji su.

  

Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a 2023, ta bambanta haƙƙin wanda ya tsara waƙa da na wanda ya ɗauki nauyin naɗarta. Ke nan mai situdiyon da ya ce "ku bari sai kun samu" yana iya tasowa gobe da nasa iƙirarin. Ba sai an je wurin lauya a Katsina ba. Takarda ɗaya ta isa, da shaidu biyu: wa ya rubuta, wa ya rera, wa ya biya kiɗa, yaya za a raba liƙi, yaya za a yi da kyautar da ba ta rabuwa. A kuma rubuta wanda ke riƙe da lambar sirrin shafinsu na YouTube da Audiomack, domin in aka ɓata, mai lambar ne ke tafiya da waƙoƙin duka.