Mudu Ɗaya Ga Dukkan Jadawalin Lissafi

A duk ƙarshen wata, akawun manyan shagunan Jimeta, tun daga Nassarawo har zuwa Kasuwar Zamani, kan shafe kwanaki suna gyaran jadawalin lissafin da rassa ke aiko musu a na'ura mai ƙwaƙwalwa. Alal misali, attajirin da ke da sito a Nassarawo da rassa a Mubi da Numan da Ganye zai karɓi jadawali uku, kowanne da irin rubutunsa. Wannan reshe ya fara rubuta rana kafin wata, wancan ya fara da wata. Wani ya auna masara da buhu, wani da mudu. Wanda ke ciniki da fataken Garwa ta Kamaru kuwa ya shigar da wasu kuɗin da sefa. Hatta sunan unguwar, wani zai rubuta Nassarawo, wani Nasarawo, wani ma Nasarawa, na'urar kuwa ta ƙirga su wurare uku dabam-dabam.

Akawu kan bi layi-layi ya daidaita su da hannu, wata mai zuwa kuma ya sake daga farko. Wannan ɓarnar lokaci ce, amma haɗarin ya fi ɓarnar, domin hannun da ya yi gyara ɗari yau ba lalle ne ya yi shi iri ɗaya gobe ba. Abin da ya kamata shi ne a tsara matakan gyaran sau ɗaya tak, a ajiye su, sa'an nan kowane jadawali ya bi ta cikinsu, kamar yadda mai hatsi na kirki ke auna wa kowa da mudu ɗaya. Ba sai an sayi wani sabon abu ba. Tun daga Excel na 2016, kamfanin Microsoft ya haɗa masa Power Query, wanda ke riƙe kowane mataki da aka ɗauka a kan jadawali guda, ya kuma maimaita shi a kan dukkan jadawalin da aka tara wuri ɗaya.

Harajin VAT ya isa misali. Ya fara aiki a Najeriya ran 1 ga Janairun 1994 a kan kashi 5 cikin ɗari, aka kuma ɗaga shi zuwa kashi 7.5 daga 1 ga Fabrairun 2020. Wanda ya cusa adadin da hannu a kowane jadawali sai da ya farauto shi ɗaya bayan ɗaya, kuma duk inda ya manta, daga aljihunsa zai cike giɓin. Wanda ya ajiye shi a mataki guda kuwa, lamba ɗaya ya canza. A wannan matakin ne kuma ake ware kayan abinci na yau da kullum, waɗanda doka ta yafe wa harajin, daga siminti da fenti. Haka zancen yake ga farashin sefa, wanda ya riƙa sauyawa bayan da Babban Banki ya saki darajar Naira a Yunin 2023.

Kada kuma a ɗauka ƙananan 'yan kasuwa kaɗai wannan cuta ke kamawa. Bankin JPMorgan na Amurka ya yi asarar fiye da dala biliyan 6 a 2012, kuma rahoton da bankin ya fitar a Janairun 2013 ya nuna cewa ma'aunin haɗarin cinikin ya dogara ne da jadawalin Excel da ake kwafar lambobi da hannu daga wannan zuwa wancan.

Sai dai fa mudu ɗaya, in ya lotsa, kowa zai cuta. A Oktoban 2020 hukumar lafiya ta Ingila ta gano cewa sakamakon mutum 15,841 da suka kamu da korona ya salwanta daga ƙidaya, saboda matakin da ke tattara bayanan ya yi amfani da tsohon samfurin Excel da ba ya ɗaukar fiye da layi 65,536. Kwanaki aka yi kuskuren yana maimaita kansa ba tare da an lura ba.

Saboda haka matakan na bukatar mai sa ido. A kowane wata a ƙirga layukan da suka shiga da waɗanda suka fito, a kuma gwada jimillar kuɗin da takardar banki. Bugu da ƙari, a rubuta bayanin kowane mataki da harshen da maigida zai fahimta, a ajiye kwafinsa a hannunsa, tun da gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Akawu na iya samun aiki a Abuja ya tafi, alhali rassan Mubi da Numan da Ganye za su ci gaba da aiko da jadawalinsu a ƙarshen wata.