Malamin Makaranta Ma Yana Iya Kewaya Duniya

Ran nan da dare muna zaune a ɗakin kwana bayan an tashi daga karatu, sai hira ta kai mu ga abin da kowa ke so ya yi in ya gama kwaleji. Wani ya ce aure, wani ya ce babur, wani ya ce shi dai a kai shi makarantar da ke kusa da rijiya. Da aka zo kan wani abokinmu ɗan aji biyu, sai ya ce shi burinsa ya kewaya duniya, ya fita ta gabas ya komo ta yamma. Kai, sai ɗaki ya kaure da dariya. Wani ya ce masa, "Malam, da wane albashin? Kai da ko kuɗin motar zuwa gida hutu sai ka ci bashi?" Yaron nan ya yi tsit, bai sake cewa uffan ba. Ni ma da ni aka yi dariyar, amma da na kwanta sai abin ya tsaya mini a rai. Shi ya sa na roƙi Edita ɗan fili in faɗi ra'ayina.

A ganina mu muka yi kuskure, ba shi ba. Gobe-gobe za mu tsaya gaban yara mu ce musu duniya kamar lemo take, faɗin kewayenta ta tsakiya ya kai kilomita 40,075, kuma in ana sanyi a Ingila watan Disamba, ana zafi a Ostareliya. Duk a littafi muka gani. Cikinmu akwai wanda zai koyar da labarin teku alhali bai taɓa ganin ruwan da ya fi tafkin garinsu ba. Hausawa sun ce gani ya kori ji. Ba a banza ba Malam Abubakar Imam, da ya komo daga ziyarar Ingila ta 1943, ya sa wa littafinsa suna Tafiya Mabuɗin Ilmi. In akwai mutumin da ya cancanci ya ga duniya da idonsa, to, malamin makaranta ne, domin abin da ya gano yara ɗaruruwa za su ci moriyarsa.

Masu dariya suna zaton tafiya mai nisa sai attajiri. Tarihi bai goyi bayansu ba. Ibn Batuta ya bar Tanja a 1325 yana saurayi, ya yi kusan shekara talatin yana yawo, ya kai Indiya da Sin da Mali, ba kuwa da taskar ubansa ba. Inda ya sauka sai ya nemi aiki, har alƙalanci ya yi a birnin Delhi. Kakanninmu da suka tafi Makka a ƙasa ta Chadi da Sudan, da yawansu a gonakin auduga na Jazira suka tsaya suka yi ƙwadago, suka tara guzuri, sa'an nan suka yi gaba. Ga kuma Olabisi Ajala, ɗan ƙasarmu, wanda ya hau keke daga Chicago zuwa Los Angeles a 1952, daga baya ya ratsa ƙasashe masu yawa a kan ɗan babur, har sunansa ya zama lakabin duk mai yawan tafiya a ƙasar Yarbawa. Abu guda ya haɗa mutanen nan duka: da ba su da kuɗi, sai suka biya da lokaci da haƙuri.

Amma kada in yaudari abokina. Mai tambayar albashi yana da gaskiyarsa. A 2024 aka mai da mafi ƙarancin albashi naira 70,000, a shekarar kuma dala ɗaya ta haura naira 1,500. Akwai tikiti na musamman da ake sayarwa don kewaya duniya. Kamfanonin jiragen sama sun haɗu ƙungiya-ƙungiya, kamar Star Alliance da Oneworld, sai ka sayi tikiti ɗaya ka riƙa sauya jirgi a tsakaninsu. Sharaɗinsa shi ne ka fuskanci gabas ko yamma ka dinga tafiya ba juyowa, ka ƙetare tekun Atlantika sau ɗaya da na Fasifik sau ɗaya, ka komo ƙasar da ka tashi kafin shekara ta cika. Ya fi sayen tikiti ɗai-ɗai sauƙi ga mai yawan zango, amma kuɗinsa dubban daloli ne, kuma a dunƙule ake biya. Wannan ba rigar malamin firamare ba ce. To, sai me? Wa ya ce lalle sai a tashi ɗaya za a kewaya duniya? Wanda ya cinye tuwo loma-loma da wanda ya haɗiye shi gaba ɗaya, duk ƙwarya suka bari wayam, sai dai na biyun ya fi kusa da shaƙewa.

Ga yadda na ga ya kamata mai ƙaramin ƙarfi ya shirya.

Na farko, takardu kafin kuɗi. Ga ɗan Nijeriya, katangar da ta fi tsawo ba tikiti ba ce, biza ce. Amurka, alal misali, ba ta yarda ka ko sauya jirgi a filinta ba tare da biza ba. Saboda haka kada ka zana hanyarka bisa sha'awa, zana ta bisa ƙofofin da ke buɗe. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ka izinin shiga Binin da Togo da Gana da Senegal ka zauna har kwana 90 ba biza. Ruwanda ma ta buɗe ƙofarta ga 'yan Afirka. Fara da waɗannan. Fasfon da ke ɗauke da hatimin fita da na komowa kan lokaci shi ne shaidarka ranar da za ka tsaya gaban ma'aikacin ofishin jakadancin wata ƙasa mai tsanani. Ka tabbata fasfonka yana da sauran wata shida ko fiye, ka kuma riƙe katin allurar shawara, wanda tun 2016 aka ce allura ɗaya ta isa har tsawon rai. Dokokin shiga ƙasashe suna sauyawa, don haka kafin kowace tafiya ka sake tambaya. Matambayi ba ya ɓata.

Na biyu, ajiya. Da yayyafi kogi kan cika. Tun daga albashinka na fari ka ware wani abu, ko ƙanƙane ne, ka sa shi a adashe ko a ƙungiyar taimakon juna ta malamai, ka ɗauka ka manta da shi. Dogon hutu kuwa, maimakon zaman dara a gindin bishiya, noma ko koyar da yara a gida zai ƙara maka. Sai dai ina gargaɗi da babbar murya: kada ka ci bashi don yawon buɗe ido, kada kuma ka sayar da gonar gado. Tafiyar da aka komo daga gare ta aka tarar da mai bin bashi a zaure ba ta da daɗin labari.

Na uku, wanda na fi ba muhimmanci, ka bar aikinka ya ɗauke ka. Allon da muke rainawa shi ne jirginmu. Tun 1987 Gwamnatin Tarayya ta kafa shirin Technical Aid Corps, wanda ke aika malamai da likitoci da sauran ma'aikata su yi aikin shekara biyu a ƙasashen Afirka da na Karebiyan da tsibiran Fasifik. Akwai kuma guraben ƙaro karatu na ƙasashen Kwamanwel, da na Chevening da Ingila ke bayarwa. Ba a samun waɗannan da baki, sai da takarda mai kyau da ƙwarewa a aiki. Watau ke nan shirin kewaya duniya yana farawa ne daga jarrabawar da ke gabanmu. Malamin da aka aika wani tsibiri mai nisa ya koyar shekara biyu ya ci rabin hanya, ga shi kuma ana biyansa, daidai da dabarar kakanninmu a gonakin auduga.

Na huɗu, tattali a kan hanya. Bayan kuɗin jirgi, masauki da abinci su ne ke cinye guzuri. Ka daɗe a ƙasashen da rayuwa ke da sauƙi, kamar Masar da Indiya da Indonesiya, ka wuce da sauri ta masu tsada, kamar Ingila. A Indiya, in ka shiga jirgin ƙasa na dare ka sami abin hawa da wurin kwana a kuɗi ɗaya. Ka ci abinci inda 'yan gari ke ci, ba inda aka shirya wa baƙi ba. Ka guji lokacin manyan bukukuwa, sa'ad da kowa ke tafiya farashi ya hau. Kayanka kada su wuce jaka guda da za ka iya rataya. Kilishi kuwa ka cinye shi a gida, domin ƙasashe da yawa ba sa barin a shiga da nama, ƙwacewa za a yi, wataƙila har da tara. Mai jin Hausa kuma yana da wata gata a Afirka: daga zangon Kumasi zuwa unguwar Nima a Ankara, har Yawunde da Sudan, ba zai rasa wanda zai amsa sallamarsa ya nuna masa masauki mai rahusa ba.

Akwai wata arahar da nake roƙon 'yan'uwana su guje ta, ita ce ta masu cewa za su ƙetarar da kai hamada zuwa Libiya, daga can ka hau kwalekwale zuwa Turai. Samari da yawa sun bi ta nan, ƙasusuwansu na cikin rairayi da ƙarƙashin teku. Haka kuma wanda ya shiga ƙasar mutane da bizar ziyara ya ɓuya ya ƙi komowa, ya rufe wa kansa ƙofa, ya kuma rufe wa na bayansa. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Matafiyin kirki da rana tsaka yake fita, da rana tsaka yake komowa.

Wani zai ce, kuɗin nan ba gara a gina ɗaki da su ba, ko a yi wa iyaye hidima? Lalle hakkin iyaye da na iyali shi ne gaba, ban ce a taɓa shi ba. Amma mu dubi abin da muke ɓatarwa wajen sauya waya da ɗinkin kowane biki. Wannan rarar nake nufi. Wanda ya tara ta shekara goma ko ashirin ya ga Dala ta Masar da idonsa, bai fi wanda ya ƙarar da ita a kanti asara ba.

Mutanen farko da suka kewaya duniya sun tashi daga Sifen a 1519 da jiragen ruwa biyar ƙarƙashin Magellan. A 1522 jirgi ɗaya tak ya komo da mutum 18, shi kansa Magellan an kashe shi a tsibiran Filifin. Da suka iso tsibiran Kef Bade a hanyar komowa, lissafinsu ya ce Laraba ce, mutanen gari suka ce Alhamis. Bin rana da suka yi ta yamma ya cinye musu kwana guda. Abokinmu da ke son fita ta gabas, shi ribar kwana guda zai ci. Washegarin hirar nan na same shi na gaya masa haka, na kuma ba shi haƙuri kan dariyar da na yi.

Shawarata ga hukumar kwaleji da ƙungiyar ɗalibai ita ce a kafa ƙungiyar matafiya, kowa ya riƙa zuba ɗan abin da ya samu kowane wata. Dogon hutu mai zuwa mu fara da ganin teku a Ikko, na bayansa mu leƙa Kwatano da Lome. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba. Wanda kuma yake ganin na yi kuskure, ga fili ga mai doki, sai ya ba ni amsa a fitowa ta gaba. Wassalam.